Ina Mace Za Ta Nufa Idan Gida Ya Zama Abin Tsoro? Sharhi Kan Gidajen Mafaka a Birnin Kebbi da Argungu

Duk lokacin da aka ambaci gidan mafaka na matan da ake gallaza wa a gidajen aurensu, mutane a ƙasar Kebbi sukan rabu biyu. Wasu suna ganin wata dabara ce da aka shigo da ita daga waje don a koya wa mata ƙin zaman aure. Wasu kuma suna zaton tunda an yi dokar hana cin zarafi, magana ta ƙare, duk wadda aka doka tana da inda za ta je. Duka fahimtar biyu ba su dace da gaskiya ba. Abin da wannan sharhi yake son tabbatarwa shi ne, raba wadda ake zalunta da mai zaluntarta na ɗan lokaci abu ne da al'adarmu da fikihunmu suka sani tun da daɗewa, sai dai tsohuwar hanyar yin hakan ta fara tsinkewa, sabuwar kuma ba ta kai ga yawancin masu buƙatarta ba.

Me kalmomin suke nufi

Cin zarafi a cikin gida shi ne cutarwar da wani yake yi wa wanda suke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, yana amfani da ƙarfinsa ko ikonsa a kansa. Duka da shaƙewa da ƙonawa su ne aka fi sani domin suna barin tabo, amma akwai hana abinci da magani, da ƙwace jarin mace ko amfanin gonarta, da kulle ta a ɗaki, da raba ta da danginta, da barazanar kisa, da tilasta mata kwanciya ta hanyar da ke cutar da ita. Mafi yawan waɗanda abin ke shafa mata ne, shi ya sa maganar za ta fi karkata gare su, amma yara da tsofaffi da 'yan aikatau, wani lokaci har da maza, suna cikin sahun. Wannan ya bambanta da saɓanin da kowane aure yake fuskanta. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a saɓani kowa yana iya faɗin nasa. A cin zarafi kuwa mutum ɗaya ne yake kwana da tsoro.

Gidan mafaka wuri ne amintacce da ake saukar da wadda ta gudo, ita da 'ya'yanta ƙanana, na kwanaki ko makonni, a ba ta abinci da wurin kwana da tsaro, har a ga yadda al'amarinta zai kasance. Ba gidan yari ba ne, ba gidan marayu ba ne, kuma ba ya raba aure, domin wannan aikin alƙali ne. Akwai kuma cibiyar karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka ci zarafinsu, wadda ma'aikata ke kira SARC a taƙaice. Ita galibi a cikin asibiti take, aikinta duba lafiya da ba da magani da rubuta shaidar likita da kwantar da hankali, sannan a haɗa mutum da 'yan sanda ko lauya idan ya so. Mutane da yawa suna ɗaukar cibiyar da gidan mafaka abu ɗaya ne. Cibiya tana iya ɗaure wa mace rauni da rana, amma idan magariba ta yi tambayar inda za ta kwana tana nan.

Girman matsalar

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kuma kashi 36 na waɗanda suka taɓa aure sun sha cutarwa daga miji, ta jiki ko ta kwanciya ko ta zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar cin zarafi na jiki ko na jima'i, saboda haka ba ciwon wata ƙabila ko wani addini ba ne. Amma alƙaluman da suka fi shafar maganarmu su ne na neman taimako. Fiye da rabin matan da aka cutar, kashi 55, ba su taɓa neman agaji ba, ba su kuma taɓa gaya wa kowa ba. Cikin kashi 32 da suka nema, kusan kashi 73 danginsu suka nufa, kaɗan ne ƙwarai suka je wurin 'yan sanda ko likita ko lauya. Wannan yana gaya mana cewa ainihin gidan mafakar 'yar Najeriya har yau shi ne gidan ubanta. Duk wani tsari da bai fara daga wannan gaskiya ba, a takarda zai tsaya.

Mafakar da muka gada

Hausawa suna da kalmar yaji, kuma samuwar kalmar kanta shaida ce. Matar da zama ya yi wa zafi takan ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta, kuma babu wanda zai ce aure ya mutu. Miji ne zai tura manyansa biko, a zauna, a ji ta bakinta, a ja masa kunne, wani lokaci a gindaya masa sharuɗɗa kafin ta koma. Wadda iyayenta suke nesa takan faɗa gidan mai unguwa ko liman ko wata dattijuwa da ake jin nauyinta, kuma miji komai zafin ransa ba ya tsallake wannan ƙofa. Idan aka duba da kyau, wannan shi ne duk abin da gidan mafaka yake yi: a raba su tukuna, jini ya huce, sannan a yi magana a gaban masu iya tsawatawa.

Shari'ar Musulunci bisa mazhabar Imamu Malik, wadda kotunanmu ke bi a harkar aure, ta fi al'ada ma fito da abin fili. Malamai suna kiran cutarwa larar, kuma sun sanya ta cikin dalilan da alƙali zai iya raba aure a kansu ko da miji bai so ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, littafin da ɗaliban zaure daga Gwandu har Argungu suka sani, an bayyana cewa idan mace ta yi ta kai ƙarar cutarwa amma ta kasa kawo shaida, alƙali zai sa a zaunar da ita a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su ga abin da ke faruwa. Idan al'amari ya ci gaba da rikicewa, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. Malaman sun karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta wajen tabbatar da cutarwa, domin sun san ana dukan mace ne bayan an rufe ƙofa. Sun kuma ce matar da ta biya kuɗin hul'i don ta kuɓuta, idan daga baya ta tabbatar cutar da ita ake yi, za a mayar mata da kuɗinta. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda, hukuncin da ake takewa kullum a garuruwanmu ba tare da an ji ko a jiki ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya soki mazan da suke wofintar da matansu da 'ya'yansu mata suna barin su cikin jahilci. Mutanen ƙasar da ta karɓi karatun Shehu Abdullahi na Gwandu ba su da dalilin ɗaukar kare mace daga cuta a matsayin baƙon abu.

Inda tsohuwar hanya take tsinkewa

Yaji yana aiki ne idan akwai gidan da zai karɓa da kuma manyan da ake jin maganarsu. Duka biyun sun raunana. Uban da ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadamar Rima, wanda da ƙyar yake ciyar da na gabansa, idan 'yarsa ta iso da goyo da yara biyu a hannu, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, aure ibada ne. Ba lallai rashin tausayi ba ne, sau da yawa rashin hali ne, amma sakamakon ɗaya ne. Akwai kuma auren zumunci, inda mijin ɗan baffanta ne ko ɗan gwaggonta, don haka gidan da za ta gudu zuwa gidan danginsa ne. Akwai wadda aka auro daga tsallaken iyaka, daga Gaya ko Dosso, aka kawo ta Kamba ko Kangiwa. Akwai matar ma'aikaci da ke zaune gidan haya a Birnin Kebbi, danginta suna Zuru ko Yauri, maƙwabtanta ba su san ko sunanta ba. Akwai marainiya. Akwai kuma wadda mai cutar da ita ba miji ba ne, uba ne ko wa ko kawu, wadda a wurinta gidan iyaye shi ne wurin haɗarin.

Wani abin da ya kamata masu sulhu su riƙe shi ne, lokacin da mace ta yi yunƙurin tafiya yana cikin lokutan da rayuwarta ta fi shiga haɗari, kuma binciken masana a ƙasashe da dama ya nuna haka. Mijin da ya taɓa shaƙe matarsa, ko ya zaro mata wuƙa, ko ya doke ta da ciki, ko ya ce zai kashe ta, ba a lissafa shi cikin masu saurin fushi kawai. Gidan iyaye wuri ne da ya sani, yana iya zuwa ko da tsakar dare. A irin wannan hali ne ake buƙatar wurin da ba kowa ya san shi ba, mai ƙofa da mai gadi.

Abin da doka ta tanada

A ranar 25 ga Mayu, 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. Bayan ƙungiyar gwamnonin Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni na 2020, jihohi da yawa suka hanzarta, jihar Kebbi ma ta samu tata a 2022 a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. A dokar tarayya, wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira 200,000 ko duka biyu. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne, haka ma yin watsi da mata da 'ya'ya babu ci babu sha. Wannan babban sauyi ne idan aka tuna cewa tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, a sashe na 55, ya ba miji kafar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba.

Amma abin da ya fi amfani ga mai neman tsira ba ɗauri ba ne, shi ne umarnin kariya. Wannan takarda ce da kotu ke bayarwa tana hana mai cutarwa kusantar wadda ya cutar ko zuwa inda take ko tura wani ya razana ta. Ba ta raba aure, ba ta kai kowa gidan yari sai idan ya karya ta. Yawancin matan da ake dukan ba so suke a ɗaure uban 'ya'yansu ba, so suke a daina dukan, kuma wannan takarda ita ce ta fi kusa da buƙatarsu. Abin takaici, ita ce kuma aka fi jahilta.

Ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa

Ƙofa ta farko ita ce asibiti, kuma bai kamata a jinkirta ta ba. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da babban asibitin gwamnatin tarayya, a Argungu akwai babban asibitin garin, a asibitin Kalgo kuma, kusa da babban birnin jiha, akwai cibiyar karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa saboda kowane dalili. Idan fyaɗe ne, maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, don haka kwana uku da za a ɓata ana shawarar yadda za a rufa asiri suna iya zama asarar da ba ta gyaruwa. Ko da mace ba ta da niyyar kai ƙara, ta roƙi a rubuta abin da aka gani a jikinta, ta adana katin a hannun wanda ta amince da shi. Tabo yana warkewa, amma takardar likita tana nan ranar da alƙali zai ce a kawo shaida.

Daga nan akwai Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha da jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne a hukumance ke da alhakin nema wa mai gudun tsira wurin sauka. Akwai 'yan sanda da jami'an tsaron farar hula da Hisba, akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Agajin Shari'a suna karɓar koke ba tare da kuɗi ba, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa matan da ba su da halin ɗaukar lauya, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana da mambobin da suke shiga gidajen da jami'in gwamnati ba zai shiga ba. A Sakkwato an buɗe Cibiyar Nana Khadija a 2020 da tallafin Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofishin shiyya a can. Ga matar Musulma kuma, kotun shari'a ta garinsu ƙofa ce da take da cikakken haƙƙin shiga da kanta don neman ciyarwa ko raba aure saboda cutarwa.

Sai dai duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga kusan komai a babban birni ya taru. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21. Matar da ke wani ƙauye a Augie ko Arewa, wadda ba ta da kuɗin mota, ba ta da waya tata ta kanta, kuma ba ta fita sai da izinin wanda take gudu, a wurinta Kalgo da Makka nisansu ɗaya ne.

Abin da masu adawa suke cewa

Hujja ta farko ita ce gidajen mafaka za su kashe aure. Gaskiya ne tsarin na zamani daga Turai ya fara yaɗuwa, tun daga gidan da aka buɗe a Landan a 1971, kuma a Najeriya ƙungiyar Project Alert ta buɗe nata a Legas a 2001. Amma asalin gini daban, asalin hukunci daban, kuma mun ga hukuncin yana cikin littattafanmu. Auren da mace ke ciki don kawai ba ta da wurin zuwa, duka ne ya riga ya kashe shi. Mijin da ya san akwai inda matarsa za ta je a saurare ta ya fi kusa da kame hannunsa, kamar yadda tsoron zuwa biko ya kame hannun na da.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: tona asiri da ɓata suna. A garin da kowa ya san kowa, matar da aka ji ta kwana a wani gida da ba na muharraminta ba tana iya fitowa da tabon da ya fi na duka daɗewa. Wannan damuwa gaskiya ce, kuma amsarta tana cikin yadda za a tsara gidan. Mata ne za su riƙe shi, dattijuwa mai mutunci ce za ta shugabance shi, a sanar da waliyyin mace idan ba shi ne mai cutarwar ba, kuma fada da malamai su san da shi su sa masa albarka. Gidan da sarki ya ce nasa ne, ba mai yi wa wadda ta shige shi gori.

Hujja ta uku daga ɗaya ɓangaren take zuwa, daga masu ganin sulhu kansa shi ne matsala, domin da sunansa ake mayar da mata inda za a ƙarasa su. Su ma suna da gaskiya a wani fanni. Sulhun da aka yi mace tana zubar da jini, aka ce ta ba da haƙuri alhali ita aka cuta, ba a gindaya wa miji komai ba, ba a sa wanda zai bi sawu ba, wannan ba sulhu ba ne, miƙa ta aka yi. Amma jefar da sulhu gaba ɗaya zai sa mata su ƙi zuwa ko'ina, domin yawancinsu gyara suke nema. Abin da ya dace shi ne a kiyaye jeri: tsira da lafiya tukuna, sulhu daga baya, kuma da yardarta. Fyaɗe da mummunan rauni kuwa ba a sulhu a kansu, na kotu ne.

Abin da ya rage a yi

Ba sai an jira katafaren gini ba. Kowace masarauta daga cikin huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, tana iya ware ɗakuna kaɗan kusa da babban asibiti, da kasafin abinci da na mota da jihar za ta riƙa bayarwa a kan kari, ba wanda zai tsaya ranar da masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu ba. Dole kuma a yi tunanin ranar fita, domin matar da ta bar mafaka ba jari ba sana'a, yunwa ce za ta mayar da ita inda ta baro. Sarakunanmu sun riga sun nuna abin da za su iya. A yaƙi da shan inna, Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin waɗanda suka ja gaba, kuma ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni aka kai saƙo har rugar da mota ba ta zuwa. Wannan hanyar tana nan. Idan aka koya wa kowane mai unguwa da liman da ungozoma alamomin haɗari, da sunan jami'in da za su kira, an buɗe wa matar ƙauye ƙofar da take iya kaiwa da ƙafarta.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan maƙwabta da dangi. Idan 'yarka ko ƙanwarka ko maƙwabciyarki ta ƙwanƙwasa ƙofa da dare tana rawar jiki, a buɗe mata, a kai ta asibiti, kuma kada a mayar da ita sai an tambaye ta, ita kaɗai ba a gaban mijin ba, ko tana tsoron ranta.